Lissafin inda iska ke kai maganin feshi a faɗin Afirka: daga ina ake farawa?

Hadiza_Marwa

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina son haɗa lissafi mai sauƙi a kwamfuta da zai nuna inda maganin feshin gona ke dosa bayan ya shiga iska, ba a gona ɗaya ba, a faɗin Afirka baki ɗaya, amma da ido a kan yankinmu na Binuwai da Marwa a arewacin Kamaru, da kudancin Chadi. Kayan aikina ƙaramar kwamfuta ce, da manhajar taswira ta QGIS, da ɗan abin da na iya na Python, yaren rubuta manhaja. Manyan manhajojin yanayi sun fi ƙarfinta.

Abin da ya ɗaure min kai: kashi nawa na maganin ne ke tashi sama, wane lissafi zan yi amfani da shi wajen bin sa, kuma wace iska zan ɗauka? Zatona shi ne iskar hunturu ce ke kwashe maganin auduga ta gangara da shi kudu har Duwala da Legas. In na yi kuskure a gyara min.

Malam Bello, Garwa

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Bari in fara da zaton naki, domin in aka ɗora ginin a kansa duk taswirar za ta fuskanci inda ba nan ba. Ba a feshin auduga da hunturu. A yankin kamfanonin auduga na Sodecoton a Kamaru da Cotontchad a Chadi ana shuka ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli, feshin farko yakan zo kimanin kwana 45 bayan tsiro, daga nan duk bayan kwana 14, wajen sau shida. Ke nan nauyin feshin yana tsakanin Yuli da Oktoba, tsakiyar damina, lokacin da iskar ƙasa ke fitowa daga kudu maso yamma. Abin da ya tashi daga gonakin Garwa ko Mundu a Agusta arewa maso gabas ya nufa, wajen Marwa, Kusiri, Injamena da Tafkin Chadi. Sanda hunturu zai kankama a Nuwamba an riga an shiga tsinkar auduga.

Hunturu yana da nasa rabon, amma na wasu gonaki ne: albasa da tumatir na noman rani, shinkafar Yagwa da Maga, da ƙurar da ke tashi daga ƙasar da magani ya kwanta a cikinta. Akwai kuma maganin ciyawar da ake fesa wa filayen masakwa a ƙarshen damina kafin dashe. Don haka kada ki yi taswira ɗaya ta shekara. Ki yi ta wata-wata, kowane amfanin gona da kalandarsa.

Sai hanyar da maganin ke shiga iska, wadda ba ɗaya ba ce. Ta farko lokacin feshin kansa. Injin feshin auduga mai faifai da batir, wanda ke cin lita 10 a hekta, ƙananan ɗigo yake watsawa, kuma da gangan ake barin iska ta kai su kan layukan. Ɗigo mai faɗin maikuron 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita) yana faɗowa da saurin kusan santimita 25 a daƙiƙa, mai maikuron 50 bai kai santimita 8 ba. A zafin digiri 30 da laimar kashi 50, mai maikuron 100 yana bushewa cikin daƙiƙa 16, mai 50 cikin 4 kacal. In ruwan ya ƙafe kafin ya taɓa ganye, abin da ya rage ƙwayar magani ce da ba ta da nauyin saukowa, ita ce ke yin nisa. Manyan ɗigon kuwa a gonar maƙwabci suke ƙarewa, ba su da wuri a lissafin nahiya. Hanya ta biyu ita ce tururin da ke tashi daga ganye da ƙasa a kwana biyu zuwa uku bayan feshi, kuma ga magani mai saurin tashi ita ce ta fi yawa. Ta uku ƙura.

Lissafin abin da ke fita: yawan hekta × giram na zallar sinadarin a hekta × yawan feshi × kason da ke tashi. Na ce zallar sinadarin, ba litar kwalba ba. In takardar kwalba ta ce giram 500 a lita kuma ana zuba rabin lita a hekta, giram 250 za ki rubuta. Mutane da yawa a nan suke ninka sakamakonsu ba su sani ba.

In za ki ɗauki yawan maganin daga alƙaluman FAOSTAT, rumbun bayanan hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ki riƙa duba alamar da ke gefen kowace lamba. Na ƙasashe da dama ƙiyasi ne, wani lokacin lamba ɗaya ce ake maimaitawa shekara da shekaru, kuma maganin da ke tsallako iyaka a bayan babur ba ya shiga kowane littafi. Ga auduga gara ki gina daga ƙasa: faɗin gonaki da jadawalin feshi, tunda kamfani ne ke raba maganin bashi. Wajen rarraba gonakin a taswira MapSPAM, rumbun bayanan da ke nuna inda ake noman kowane amfanin gona, zai yi miki aiki.

Injiniya Abakar, Injamena

Malam Bello ya gama da tushe, ni bari in ɗauki tafiyar. Ƙanwata, ki raba Afirka gida-gida kamar allon dara, kowane gida kilomita 25 a kan 25. Faɗin nahiyar kusan murabba'in kilomita miliyan 30 ne, ke nan gidaje 48,000 za ki samu. Ki tabbata taswirar irin mai kiyaye faɗin ƙasa daidai ce, domin in kika bar ta a digiri, gidajen Tunisiya da na Afirka ta Kudu za su fi na Kamaru ƙanƙanta alhali lissafinki yana ɗaukar su ɗaya.

Tunanin mai sauƙi ne. Abin da gida ɗaya ya fitar yana bazuwa ta bangon wata da'ira mai nisan d da tsayin H, iska na tura shi da gudun u, yana kuma raguwa a hanya da saurin k:

C = E × exp(−k × d ÷ u) ÷ (2π × d × u × H)

E shi ne abin da gidan ke fitarwa, giram a daƙiƙa, d da H mita, u mita a daƙiƙa, C kuma yawan maganin da ke cikin iska, giram a kowace mita kubik. Ga misali da lambobin da na ɗauka don gwaji kawai. Gida mai hekta 10,000 na auduga, giram 300 a hekta, feshi shida: kilo 18,000. A ce kashi 20 ne ya tashi, kilo 3,600 ke nan cikin kwana 84, wato kusan rabin giram a daƙiƙa. Da iska mai mita 3 a daƙiƙa da H na mita 1,000, a nisan kilomita 100 za ki samu fikogiram 265 (fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram) a mita kubik in babu lalacewa. Tafiyar awa 9 ce da ɗoriya. In maganin rabinsa na lalacewa cikin awa 12, saura 155. A kilomita 1,000 kuwa 0.13 ne kawai, ya zama babu. Amma ki canja maganin zuwa wanda rabinsa ke ɗaukar kwana 10, a wannan kilomita 1,000 ɗin za ki tarar da kusan 20. Wannan bambancin shi ne zuciyar aikin. Na farkon zangonsa bai kai kilomita 190 ba, wato daga Garwa zuwa Marwa da ɗan ɗoriya. Na biyun ya haura 3,700. Zangon kuwa gudun iska ne a raba da k, kina iya lissafa shi a takarda kafin ki kunna kwamfuta, ki ware magungunan da suka cancanci taswirar nahiya da waɗanda na yanki ne kawai.

Daga nan sai ki tara gudummawar kowane gida a kan kowane gida. In kika yi shi da madauki biyu a Python haɗuwa biliyan 2.3 ce, kwamfutar za ta kwana tana nishi. Ki yi amfani da umarnin fftconvolve da ke cikin scipy, kundin lissafi na Python, cikin daƙiƙoƙi ya gama.

Wannan lissafin yana ɗauka iska na kaɗawa ko'ina daidai, abin da ba gaskiya ba ne a wurinmu. Gyaran: ki raba da'irar takwas, ki ninka kowane yanki da kason lokacin da iska ke nufarsa sau takwas. In rabin Agusta iska arewa maso gabas take nufa, wannan yankin ya ninka huɗu, 155 ɗin nan ya koma 620, sauran kuma su ragu.

Hadiza_Marwa

Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya. Na gwada daren jiya. Abu biyu sun faru: gidajen da ke fitar da maganin kansu sun ba ni lamba marar iyaka, sannan da na sa ruwan saman Agusta a cikin k, komai ya mutu kafin ya yi kilomita 150, har magungunan da aka sani suna yin nisa.

Injiniya Abakar, Injamena

Na farkon raba lamba da sifili ne, tunda d sifili ne a gidan kansa. A wannan gidan kaɗai ki yi amfani da lissafin akwati: E a raba da u × H × faɗin gidan. A misalinmu nanogiram 6.7 ne a mita kubik, wato fikogiram 6,700. Na biyun na bar wa Hajiya Dakta, fanninta ne.

Dakta Maryam, Ngaundare

Sannu da ƙoƙari, 'yata. Matsalar ruwan sananniya ce, kuma ba laifin lambobinki ba ne. Lissafin k na ruwa da aka saba shi ne yawan wankewa (ninkin da maganin cikin ruwan sama ya yi wa na cikin iska) × ruwan da ya zuba a daƙiƙa ÷ H. Ga maganin da ke manne da ƙura ana ɗaukar yawan wankewa 200,000. A ce milimita 220 ya zuba a Agusta. In kika baza shi a kan kwana 31, k zai fito kusan 1.6 × 10⁻⁵ a daƙiƙa, wato rabi ya tafi cikin awa 12. Amma wannan yana nufin yayyafi ne ke zuba dare da rana babu ƙaƙƙautawa, alhali ruwanmu hadari ne ke tasowa daga gabas ya zubar da milimita 40 cikin awa biyu, sai kuma kwana uku rana. A kwanakin nan uku babu abin da ke wanke iskar, a mita 3 a daƙiƙa ta yi kilomita 780. Don haka ki sa wa k na ruwa rufi: kada ya wuce 2 a raba da tsawon lokacin da ke tsakanin ruwa da ruwa. In kwana uku ne, rufin 7.7 × 10⁻⁶ ne, ƙasa da rabin na farko. Yawan ranakun ruwa kina iya ƙirga su daga CHIRPS, rumbun bayanan ruwan sama, gida-gida.

Shi k ɗin kansa jimlar abu uku ne: ruwa, sauka a bushe, da lalacewa a iska. Sauka a bushe gudun saukar ne a raba da H. Da santimita 0.2 a daƙiƙa da mita 1,000 kin samu 2 × 10⁻⁶, ƙarami ne amma da rani, da babu ruwa, shi ke saukar da maganin. Lalacewa kuwa aikin sinadarin OH ne da hasken rana ke haifarwa. Ana ninka saurin haɗuwar maganin da shi da yawan OH ɗin, wanda matsakaicinsa a duniya kusan miliyan ɗaya ne a santimita kubik. Da saurin 10⁻¹¹ rabin maganin yana lalacewa cikin awa 19. A nan nake son ki yi hattara, don rana da laimar daminarmu suna sa OH ya fi matsakaicin duniya, da dare kuma kusan babu shi. Ki gwada miliyan ɗaya da miliyan biyu ki ga tazarar.

Zafi ma haka. Ƙarfin tururin da ke cikin rumbunan bayanai irin PPDB na jami'ar Hertfordshire a digiri 20 ko 25 aka auna shi, kuma ga irin waɗannan magunguna yana ninka uku zuwa huɗu a duk ƙarin digiri 10. Ganyen auduga da tsakar rana ya wuce wannan awon nesa. Kason tashi da aka samo daga gonakin Turai zai yi miki ƙasa. Kashi 20 da Injiniya ya ɗauka lambar gwaji ce kamar yadda ya faɗa, ki gudanar da lissafin da 5, da 20, da 50, ki nuna duka ukun.

Kuma magungunan ba halinsu ɗaya ba. Kulofirifos, wani maganin ƙwari, yana tashi da sauƙi, a matsayin tururi awoyi kaɗan yake yi, sai dai abin da yake rikiɗewa ya zama ya fi shi dafi ga jijiya, don haka bacewarsa a lissafi ba tafiyar haɗari ba ce. An ma same shi har a yankin ƙanƙarar arewacin duniya, kuma a 2025 aka shigar da shi Yarjejeniyar Stockholm mai hana sinadarai masu daɗewa a muhalli, alamar cewa lissafin tururi kaɗai yana rage masa nisa. Saifametirin na ƙwari da gilifoset na ciyawa kusan ba sa tururi, a kan ɗigo da ƙura suke tafiya. Daikulobos, wato fiya-fiyar da ake zuba wa wake a rumbu, ƙarfin tururinsa ya ninka na kulofirifos wajen sau dubu, amma matsalarsa ta ɗaki da kasuwa ce. Masu dogon zango na gaske su ne tsofaffin: lindan da ya shiga yarjejeniyar a 2009, andosulfan a 2011, da DDT. Ƙasashen Sahel na CILSS, ƙungiyarsu ta yaƙi da farin ƙasa, har da Chadi, sun hana andosulfan tun 2007, amma ƙasar da ta sha shi shekara da shekaru tana ci gaba da numfasa shi idan zafi ya taso. In kika sa E sifili don doka ta hana, taswirar ba za ta yi daidai da abin da ake aunawa ba.

Inda ban yarda da Injiniya ba shi ne H ɗaya na mita 1,000. Da damina da rana ya yi. Amma da dare iskar ƙasa takan kwanta a 'yan ɗaruruwan mita, da bazara kuma a Sahel tana gaurayuwa har kilomita 3 zuwa 4. Mutumin ƙauyen da ke gefen gona da asuba yake shaƙar mafi yawa, lokacin da H ya fi ƙanƙanta, kuma matsakaicin wata yana shafe wannan kwata-kwata.

Injiniya Abakar, Injamena

Na karɓi gyaran, Hajiya, kuma yana da magani mai arha. A ERA5, rumbun bayanan yanayi na shirin Copernicus na Turai, akwai tsayin gaurayar iska awa-awa a kan gidaje masu rubu'in digiri. Hadiza, kada ki ɗauki matsakaicin u daban da na H daban ki ninka. Ki lissafa 1 ÷ (u × H) na kowace awa, sannan ki ɗauki matsakaicinsa. Awoyin dare masu kwanciyar iska za su ja lambar sama, kuma haka ya kamata. Ki sa wa u ƙasan da ba zai wuce ba, kamar rabin mita a daƙiƙa, in ba haka ba sifilin nan zai dawo.

Wasu ramuka a ERA5 ɗin. Iska kashi biyu take zuwa, na gabas da na arewa. In kika sauko da matsakaicin wata na kowanne kika haɗa, iskar da ta yi gabas yau ta yi yamma gobe za ta soke kanta, ki ga gudu kusan sifili a watan da iska ta yi ta kaɗawa, musamman Mayu da Oktoba lokacin da iskar damina da ta hunturu ke ture juna. Ki fitar da gudun kowace awa tukuna. Alƙiblar masu hasashen yanayi inda iska ta fito take nufi, ke kuma inda ta nufa kike so, in kika manta taswirar za ta juya baya. Ruwan sama a mita yake, ba milimita ba. Iskar mita 10 kuma ta yi rauni ga doguwar tafiya, ki ɗauki ta matakin 925 hPa, wato 'yan ɗaruruwan mita sama da ƙasa. Don kada intanet ya cinye ki, sauko da awa uku-uku na shekara ɗaya, wata-wata.

Akwai abin da lissafin da'ira ba zai taɓa gani ba, gara ki rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayanin aikin. Da damina iskar ƙasa arewa maso gabas take yi, amma a sama, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke fitowa daga gabas ta nufi Tekun Atilantika, gudunta ya haura mita 10 a daƙiƙa. Hadari yana ɗaga iskar ƙasa ya miƙa mata. Ke nan wani kaso na maganin da ya tashi a Mundu yana iya juyawa ya bi ta kan Kano da Yamai. Haka ma ƙurar hunturu: wadda ke tasowa daga kwarin Bodele, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, daga hamada take, ba ta ɗauke da maganin gona, amma tana ratsa gonakin rani a hanyarta, tururin magani ya manne mata, kuma manne ɗin yana iya kare shi daga OH. A nan zatonki na farko yana da ɗan gaskiya. Hanyar dubawa mai sauƙi ita ce HYSPLIT, manhajar bin hanyar iska ta hukumar NOAA ta Amurka, kyauta a intanet: ki saki tafiyar kwana biyar daga Garwa a tsayin mita 100, 500 da 3,000, ranaku goma a Agusta, goma a Janairu, ki ɗora a kan taswirarki. Inda suka rabu sosai nan ne iyakar lissafinki.

Hadiza_Marwa

Na gode ƙwarai, iyayena. Tambaya ta ƙarshe: ta yaya zan san lambobin da suka fito ba tatsuniya ba ne, tunda ba mu da injin auna iska?

Dakta Maryam, Ngaundare

Fara da binciken da bai cin ko sisi: tara duk abin da ya lalace, da wanda ya sauka, da wanda ya fice daga gefen taswira. In jimlar ba ta dawo daidai da E ba, kuskuren a cikin rubutun manhajar yake, kuma galibi kilomita ce ta shiga wurin mita.

Aunawa kuma ba lallai sai da lantarki ba. Akwai faifan soso na foliyuretan mai faɗin santimita 14 da ake sakawa tsakanin kwanukan silba biyu, babba a kife a sama, ƙarami a ƙasa, da 'yar tazara don iska ta ratsa. Shi ne shirin MONET na cibiyar RECETOX da ke Jamhuriyar Cek ya baza a ƙasashen Afirka tun 2008, kuma sakamakonsu a buɗe yake, ki fara gwada lindan da andosulfan ɗinki da shi. Soson yana shan kimanin mita kubik 4 na iska a rana. Kwana 90 ke nan 360, in iskar na ɗauke da fikogiram 150 za a tarar da nanogiram 54, abin da ɗakin gwaji mai kyau zai iya gani. A rataye shi mita biyu daga ƙasa, nesa da gona da 'yan kilomitoci, nesa da shagon magani da ɗakin da ake fesa maganin sauro, in ba haka ba abin da ke bakin ƙofa za ki auna, ba na nahiya ba. Kowace tafiya a ɗauki soso ɗaya da za a buɗe a rufe nan take, shi zai nuna abin da hannu da mota suka shafa. A naɗe su da takardar alminiyom, a ajiye a firiza. Da hunturu iska mai ƙarfi tana ƙara abin da soson ke sha, don haka 4 ɗin nan ba ta tsaya cak ba.

In lissafinki da awon suka zo tsakanin ninki uku zuwa goma na juna, ga irin wannan aiki kin yi kyau. Abin da ya fi muhimmanci shi ne jerin ya daidaita, wato wurin da ya fi yawa a taswira ya fi yawa a soso, watan da ya fi yawa ma haka.

Malam Bello, Garwa

In za a rataye sosunan, a bi layin iskar damina: ɗaya kudu da Garwa wajen Poli, ɗaya kusa da Gidar, ɗaya Marwa, ɗaya Kusiri. A sa na farko a farkon Yuli a cire ƙarshen Satumba, na biyu daga Disamba zuwa Fabrairu. A kuma nemi wani a kowane wuri ya riƙa rubuta ranar da aka yi feshin jan-baki ko na fara a kusa, domin jirgi ɗaya mai fesa fentiyon a kan makwancin tsuntsaye da magariba yana iya cika soson da abin da ba ya cikin jadawalin kowace gona.